Sharhi: Nauyin da Ba Ya Hawa Sikeli



Duk wanda ya kwana ya tashi a Samaru ko Sabon Garin Zariya ya san muryar nan da ke ratsa lungu da hantsi. Yaro ne da baro ko kura, da mayen ƙarfe ɗaure a igiya, da ɗan sikeli mai ƙugiya, yana cigiyar gwangwan. Tsohon ƙarfe yana so, fasasshiyar tukunya yana so, jar waya yana so. Amma ku dubi fuskarsa ranar da aka fito masa da mataccen batir, na mota ko na sola. Nan take ciniki ke canja salo, domin ya san abin da ke kwance cikin baƙin akwatin nan. Dalma ce.

Sharhinmu na yau a kan dalmar nan yake: yadda ake narka ta a zuba ta sanduna, yadda ake ƙiyasta nauyinta kafin a yi lodi, da kuma wani nauyi da ke cikin wannan harka wanda babu mai ɗora shi a sikeli.

Mu fara da warware wani ruɗani. A bakinmu, tukunyar nan ta zubi da ake girkin biki da ita, tukunyar dalma muke ce mata, alhali da alminiyum ake yin ta, wanda ba shi da nauyi. Dalmar da muke magana a kanta daban take. Ita ce mai launin toka, mai laushin da farce ke iya karta, mai nauyin da ke ba hannu mamaki. Ita masunta ke ɗaura wa taru don ya nutse, da ita masu gyaran lagireto ke liƙi, kuma dutsen da ake haƙo ta daga cikinsa shi ne iyayenmu suka daɗe suna niƙawa su yi tozali. A yau kuwa, kusan kashi 85 cikin 100 na dalmar da duniya ke amfani da ita, batir take tafiya. Tun 1859 wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro batir na dalma da ruwan asid, kuma har gobe shi ke tayar da motocinmu. Ƙarancin wutar lantarki ya ƙara masa kasuwa a wajenmu. Shaguna da gidajen malamai da ɗakunan ɗalibai sun cika da inbata da sola, kowane da batiransa, kuma kowane batir yana da ajali. Bayan 'yan shekaru zai mutu, ya faɗa hannun ɗan gwangwan.

Sabon Gari ba baƙon sikeli ba ne. Jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan da layin dogo ya iso Zariya a 1911. A nan aka riƙa auna auduga da gyaɗa da fatu ana lodawa zuwa Ikko. Daga 1914, kuzar Jos ma ta ƙaramin layin dogo ta riƙa gangarowa zuwa Zariya kafin ta nufi teku, kuma layin nan ya rayu har 1957. Garin ya san awo, ya san lodi, ya san cewa abin da aka tara a lungu yana iya ƙarewa a wata ƙasa. Dalma ma haka take. Farashin da ake yankawa a kasuwar ƙarafa ta Landan, wanda ya daɗe yana kai-komo kusa da dala 2,000 a kan tan guda, shi ke gangarowa sannu a hankali har ya zama kuɗin da yaron nan zai miƙa maka a ƙofar gida.

To yaya ake mayar da batir sanda? Ana fasa akwatin, a tsiyaye ruwan, a zaro farantan da ke ciki. Dalma ba ta da wuyar narkewa. Zafin digiri 327 ya ishe ta, alhali alminiyum sai ya kai 660, baƙin ƙarfe kuwa sai ya haura 1,500. Wannan sauƙin shi ne ya jawo mana matsala, domin duk mai gawayi da tsohon kasko yana iya zama mai narka dalma a bayan gida. Idan ta narke, datti ya taso sama, a kwashe da ludayi a watsar gefe, sannan a zuba ruwan dalmar a mazubi. Ana yin mazubin da baki mai faɗi da gindi tsukakke, don sandar ta fita da sauƙi idan aka kife. Cikin 'yan mintuna ta daskare.

Yanzu ga lissafin, kuma ina roƙon masu wannan sana'a su kasa kunne, domin a nan ake cin riba, a nan kuma ake cutar mutum. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Lita guda ta daskararriyar dalma kilo 11 ce da ɗigo 3. Ku ɗauki ledar fiya wata, mai rabin lita. Da dalma ce a ciki, da ta haura kilo biyar da rabi. Jarkar nan mai lita 25 da almajiri ke ɗauka a ka, da dalma aka cika ta, da ta kai kilo 283, wato ta fi buhun siminti biyar nauyi.

Saboda haka wanda ke da sanda a gabansa, ba shi da sikeli, abin awon tela ya wadatar da shi. Ya auna tsawo da faɗi da kauri da santimita, ya buga su da juna, ya raba da 1,000, ya sami lita. Tunda sama ya fi ƙasa faɗi, sai ya ɗauki tsaka-tsaki. A ce sama tsawon 32 ne, ƙasa 28, tsakiya 30 ke nan. Faɗin sama 10, na ƙasa 8, tsakiya 9. Kauri 6. Idan aka buga 30 sau 9 sau 6, za a sami 1,620, wato lita ɗaya da ɗigo 62. A buga da 11 da ɗigo 3, sandar ta ɗan haura kilo 18.

Sai dai mai hankali ba ya tsayawa nan. Narkakkiyar dalma ta fi daskararriya cin wuri. Mazubin da ke ɗaukar lita guda, idan aka cika shi da narkakkiya, abin da zai bayar bai kai kilo 11 ba, wajen 10 da ɗigo 6 ne. Shi ya sa za ku ga ɗan kwarmi a saman kowace sanda bayan ta huce. Ban da haka, dalmar batir ba zalla ba ce, akan gauraya ta da wasu ƙarafa marasa nauyinta don ragar da ke cikin farantan ta yi ƙwari. Wanda ya yi lissafi da girman mazubi kawai, ya yi wa mai saye alƙawarin tan goma, zai je gaban sikelin kamfani ya tarar da giɓin ɗaruruwan kilo, ya dawo yana zargin direba ko yaran shago, alhali lissafinsa ne ya ci shi.

Akwai kuma hanyar gane algus. Sanda mai kilo 25, idan dalma ce tsantsa, aka nutsa ta a bokitin da ya cika maƙil, ruwan da zai zube bai wuce lita biyu da ɗigo biyu ba. Idan ya tasam ma lita uku, to an cusa wani abu a ciki, galibi guntun ƙarfe, domin lita guda ta baƙin ƙarfe ba ta kai kilo takwas ba. Mu da muka tashi muna karanta Suratul Muɗaffifina ba ma bukatar a tuna mana hukuncin mai tauye awo. Dillalin da ya danne sikelin yaro da wanda ya ɓoye ƙarfe a cikin sanda, jirgi ɗaya ya kwaso su.

Wajen lodi ma ido yana yaudara. Tirelar da ke ɗaukar buhun siminti 600, tan 30 ke nan, idan dalma aka ɗora mata, duka kayan ba za su cika tankin ruwa uku masu lita dubu-dubu ba. Kwantena mai ƙafa 20, wadda cikinta ya kai wajen lita 33,000, sanduna 1,000 masu kilo 25 sun gama da ita, kuma ko kashi ɗaya cikin goma na cikinta ba su rufe ba. Direba ya leƙa ya ga mota wayam, mai kaya ya ce a ƙara, a ƙara ɗin. Daga nan sai karyewar sifirin, fashewar taya, birki ya ƙi kamawa a gangara, kwalta ta lotsa. Mai lodin dalma da alƙalami yake lodi: yawan sanduna sau nauyin kowace, a baza su daidai a kan gatarin mota, a ɗaure tamau, kada a tara su wuri guda.

Jama'a masu sauraro, duk wannan lissafi na abin da ya hau mota ne. Yanzu mu juyo ga abin da bai hau ba.

A ce an tara matattun batira kilo 100. Dalmar da ke cikinsu wajen kilo 60 ce, sauran ruwan asid ne da roba. Tun daga nan nauyi ke fara yi mana illa. Dillali ba ya son biyan kuɗin mota a kan ruwa, mai saye ma yakan rage farashi idan batir na da ruwa, don haka sai a huda a tuttular da shi a kwata. Ruwan nan asid ne mai ɗauke da dalma. Kwatocin Samaru kuwa suna gangarawa rafin Kubanni, inda madatsar ruwan Jami'ar Ahmadu Bello take, kuma Kubannin nan shi ke ratsawa ta gefen Sabon Gari da Tudun Wada, masu lambu na ban-ruwa da shi, kafin ya faɗa kogin Galma.

Kilo 60 ɗin ma ba duka kasko ke iya narkarwa ba. Raga da kawunan batir su ne ƙarfe. Kusan rabi, ko fiye, wani ƙulli ne da ke manne a jikin farantan, kuma shi ba ya komawa ƙarfe sai a tanderun masana'anta mai zafin da ya kai digiri 1,000. A bayan gida, ƙullin nan yakan bi dattin da aka kwashe, ko a shanya shi a rana a zuba a buhu, ya bushe ya zama gari, iska ta ɗiba. Idan kuma aka zuga wuta da yawa don aiki ya yi sauri, wani kaso ya tashi a hayaƙi ya sauka kan rufi da shanya da abincin da ke buɗe. Tsakanin abin da ya shiga kasko da abin da ya fito a sanda akwai giɓi, kuma giɓin nan bai ɓace ba. Dalma ba ta ruɓewa. Tana nan a ƙasar tsakar gida, a rigar mai aikin, a ƙarƙashin farcensa, a tabarmar da jaririnsa ke rarrafe.

Kwanakin baya na tsaya a wani kango inda ake tara gwangwan, na ga saurayi yana sara batir da adda, hannu ba safa, ƙafa da silifa. Ruwan na gangarawa ta ƙarƙashin katanga, can gefe kuma wata yarinya mai tallan awara ta ajiye farantinta tana jiran a biya ta. Na tambaye shi ko bai san abin yana da illa ba. Ya ce ya sani, shi ya sa kullum da yamma yake shan madarar gwangwani. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ya yi imani da ita, kuma ba shi kaɗai ba ne. Ɗan'uwana, madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke dalma daga jini.

Mu da muke lissafi da tan da kilo, bari mu ji da me likita ke auna dalma. Da maikirogiram yake aunawa, wato giram guda a raba shi gida miliyan. Idan aka sami maikirogiram 5 a cikin kashi ɗaya bisa goma na litar jinin yaro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tashi tsaye a nemo inda yake samunta, kuma ta ce babu wani adadi, komai ƙanƙantarsa, da za a ce ba shi da illa. Yaro ɗan shekara biyu jininsa duka wajen lita guda ne. Ke nan giram guda na dalma, a raba shi gida 20,000, kaso ɗaya tak a cikin jininsa ya kai shi wannan mataki. Jikin yaro kuma yana zuƙar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na yadda jikin babba ke yi. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta kawo ƙarancin jini da ciwon ciki, in ta yi yawa ta kawo jijjiga da suma da mutuwa. A jikin mace takan ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, ranar da ta sami ciki ta fito ta isa ga ɗan tayi. A babba tana kawo hawan jini da ciwon ƙoda. A 2020, rahoton Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar Pure Earth ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, har kusan miliyan 800, yana ɗauke da dalmar da ta kai wancan mataki, kuma ya lissafa fasa batir ba bisa ƙa'ida ba cikin manyan dalilai.

Mu 'yan Arewa ba labari aka ba mu ba. A 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Dutsen zinare mai dalma ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu, dubbai suka bukaci magani, kuma sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya maimaita kansa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Wani zai ce ai wannan na ma'adinai ne. To ga na batir. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, an shekara da shekaru ana fasa batir ana narkawa. Da dalma ta yi tsada, mutane suka koma tankaɗe ƙasar wurin suna tara garin a ɗakunansu don sayarwa. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka mutu. A Owino Uhuru ta birnin Mombasa a Kenya, masana'antar narka batir ce ta zauna a tsakiyar jama'a daga 2007, har sai da wata mata mai suna Phyllis Omido, wadda ɗanta ya kamu, ta jagoranci mutanen unguwar aka rufe ta a 2014. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada a ɗauka ina kiran a kori 'yan gwangwan. Sana'arsu halal ce, kuma ba don su ba da matattun batiran nan suna cikin bola yara na wasa da su. Dalma na cikin ƙarafan da ake iya narkawa a sake amfani da su sau ba adadi, kuma duk sandar da aka samu daga tsohon batir ta rage wadda za a haƙo daga ƙasa. Abin da nake cewa shi ne, aikin Samaru da Sabon Gari ya tsaya a tarawa da aunawa da lodi. Fasawa da narkawa aikin masana'anta ne mai tace hayaƙi da ruwa, nesa da gidaje. Su ma masana'antun, irin waɗanda suka taru a yankin Ogijo na Jihar Ogun, dole hukuma ta sa musu ido sosai, domin babban tanderu marar tacewa ya fi ƙaramin kasko ɓarna. Ƙasar nan ta san zafin shara mai guba tun abin da aka jibge a garin Koko a 1988, ta sa hannu a yarjejeniyar Basel da ta ɗauki tsohon batir a matsayin shara mai haɗari, ta kuma kafa hukumar kare muhalli ta NESREA a 2007. Doka tana nan, saura ta sauko lungu.

Don haka ga roƙona. Shugabannin 'yan gwangwan, ku zauna da manyan dillalai ku daidaita farashin batir da ruwansa, yadda yaro ba zai ga riba a tuttularwa ba. A ajiye batira a tsaye, a kan daɓen siminti, ƙarƙashin rumfa. Mai aikin ya ware kayan aiki daban, ya yi wanka kafin ya shiga gida, kada ya ci abinci ko goro a wurin, kada a haɗa wankinsa da na yara. Iyaye mata, kada a mayar da akwatin batir mazubin ruwa ko kujerar tsakar gida, kada a aiki yarinya talla inda ake fasa shi, a riƙa wanke wa yara hannu kafin cin abinci, a kuma yi hattara da tozalin dutse a idon jariri. Masu inbata da sola, ku mayar da tsohon batir ga wanda ya sayar muku da sabo, ku tambayi inda za shi. Masu unguwanni da limamai, idan hayaƙin narka dalma ya tashi a unguwa, maganar ta zama taku.

Sannan ga abin da Zariya ta fi sauran garuruwa. A cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari kaɗai akwai Jami'ar Ahmadu Bello da sassanta na kimiyyar sinadarai da injiniyan ƙarafa, akwai Cibiyar Binciken Makamashi, akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ta shafe sama da ƙarni tana nazarin ƙasa, akwai cibiyar binciken sinadarai ta NARICT a Basawa, ga kuma asibitin koyarwa a Shika, tafiyar 'yan mintuna. Garin da ke da waɗannan bai kamata ya zauna cikin duhu game da ƙasar da 'ya'yansa ke wasa a kai ba. A haɗa hannu da hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna, a ɗebi ƙasar wuraren tara gwangwan da ruwan kwatoci da ganyen lambu a gwada, a gwada jinin masu aikin da na 'ya'yansu, a faɗa musu sakamakon da Hausa, a gabansu, ba a bar shi a kundin digiri ba.

Gobe da hantsi yaron nan zai sake biyowa ta lungunku da baronsa, ya rataya batir a ƙugiya, ya karanta muku kilo. Abin da allurar sikelinsa ta nuna, za a biya ku kuɗinsa nan take. Abin da ba ta nuna ba kuwa, idan muka bari aka fasa aka narka a cikinmu, 'ya'yanmu ne za su biya, a aji da asibiti, shekaru bayan motar ta isa Ikko. Kafin ku miƙa masa, ku tambaye shi ina za a kai shi, kuma wa zai fasa.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka a sana'o'inmu.